Daga Fakku zuwa Dundaye: Abin da Na So A Ce Wani Ya Gaya Mini Tun Ina Aji Ɗaya a Jami'a

 Kamar kullum, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauraro ba, da waɗanda sabis ɗin garinsu irin na garinmu ne, sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama.

Yau ba mu da baƙo, ni kaɗai ne. Dalili kuwa, tun da aka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu saƙonni suke shigo mini, kuma kusan duk tambayar iri ɗaya ce: "Yaya, na samu admishan, yanzu me zan yi?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na sani gaba ɗaya. Da labarina zan yi misali, don shi na fi sani, kuma kurakuran da ke ciki nawa ne, ba wanda zai ji haushi in na tona su.

Ni ɗan Fakku ne, a ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin jihar Sakkwato. Wanda bai san wurin ba, in ka taso daga birnin Shehu ka kama hanyar Jega, ka wuce Boɗinga, ka wuce Shagari, ka iso Tambuwal, to kada ka fara gyara zama, da sauran tafiya. A 2017 Allah Ya ba ni gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Tsangayar Noma. Ranar da na kai wa Baba labari yana zaure yana gyaran ƙotar kalme. Ya yi hamdala, sannan ya ce, "Mi as sunan wanga karatu?" Na ce noma ne, Baba. Ya ajiye kalmen ya dube ni. "Noma? Kai da anka haihwa cikin gona, sai ka tahi Sakkwato a koya maka noma? To in ka ƙare mi za ka zama?"

Na yi dariya, shi ma ya yi. Amma wallahi ban da amsa. Kuma sai da na kusa shekara huɗu a makarantar ban da ita.

Ranar farko na hau motar ɗalibai a Dandima da jakata da buhun garin kunu da Inna ta haɗa mini, muka tsallaka gadar nan ta Kwalkwalawa, muka shiga mazaunin jami'ar na dindindin wajen Dundaye. Jami'a ce mai tarihi, an kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, a 1988 aka mayar da ita sunan Shehu. Tsofaffin ɗalibai har labarin ambaliyar 2010 suka riƙa ba mu, wadda ta cinye hanyar shiga makarantar. Duk wannan na ji shi a makon farko. Abin da ban ji ba shi ne wanda ya fi shafata.

A ɗakinmu akwai wani yaro ɗan cikin gari, babansa ma'aikacin gwamnati ne, yayarsa kuma ta gama jami'a. Ba zan ce ya fi ni ƙwaƙwalwa ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba, don ni nake koya masa lissafi. Amma tun satin farko ya san wane ne kodinetan ajinmu, ya san yadda ake lissafin maki, ya san wane tallafin karatu ake buɗewa a wane wata, ya san cewa akwai ranar da in ta wuce ba ka isa ka ƙara ko ka cire kwas ba. Duk a gida ya ji su, a bakin tabarma, ana cin tuwo. Ni kuwa gidanmu ni ne na farko da ya taka jami'a. Wa zai gaya mini? Wannan shi ne bambancin ɗan ƙauye da ɗan birni a jami'a, kuma na daɗe ina faɗa: ba basira ce ta yi mana ƙaranci ba, labari ne. Ga kuma kunya ta zo ta hau kai. Kana tsoron ka yi tambaya a ji Turancinka a yi dariya, kana tsoron ka shiga ofis a ce wa ya aiko ka. Sai ka yi shiru, ka zama kazar nan da ta kwana a kan dami da yunwa.

Bari in fara da maki, don nan na fara cin ƙasa.

A yawancin jami'o'inmu ana auna ɗalibi da abin da ake kira CGPA, kuma ƙololuwarsa 5.00 ne. In ka ci A, wato maki 70 zuwa sama, kana da 5, B tana da 4, C tana da 3, haka har zuwa F da ba ta da komai. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani yunit biyu, wani uku. Ana ninka abin da ka ci da nauyin kwas ɗin, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi rajista. Ma'ana F a kwas mai yunit uku ta fi F a mai yunit ɗaya ciwo nesa ba kusa ba. A ƙarshe wanda ya samu 4.50 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 shi ne tu-wan, 2.40 zuwa 3.49 tu-tu, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku.

To ga inda gizo yake saƙa. Makin nan tarawa ake yi tun daga zangon farko na aji ɗaya, ba a yafe ko ɗaya. Ɗauki mai karatun shekara huɗu, a ce nauyin kwasa-kwasansa daidai yake kowace shekara. In ya gama aji ɗaya da 2.00, kafin ya fita da 3.50 sai ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Kuma karatun ƙara tsauri yake yi, ba sauƙi ba. Ni na ɗauka aji ɗaya share fage ne, kamar yadda ake cewa sai an shiga aji uku karatu yake farawa. Na yi zaman majalisa a bakin mai shayi, na yi ta kallon ƙwallo, kwas ɗin Turanci da ake wa kowa da kowa kuwa na raina shi na ce ai ba na sashenmu ba ne. Sakamako ya fito, 2.30, da kari-oba ɗaya. Daga baya na farka, na yi karatu kamar zan mutu, ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo ya zama ɗakina na biyu. Da me na gama? 3.44. Ku dubi tsakaninsa da 3.50. Har yau in na ga tallan gurbin ƙaro karatu an rubuta sai mai tu-wan, irin su Chevening ta Birtaniya da wasu da dama, sai in tuna mai shayin nan. Ba laifinsa ba ne, shayinsa ma da daɗi.

Ban ce mai tu-tu ya lalace ba, ga ni nan ina cin abincina. Abin da nake cewa, akwai ƙofofin da lambar nan take rufewa tun kafin a ga fuskarka, kuma shekarar da ta fi arha wajen tara makin ita ce ta farko.

Yanzu maganar taimakon da ke cikin makarantar, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na yi shirin nan. Mutane suna cewa jami'a ba ruwanta da kai. Da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Ba a bin ka ɗaki a tashe ka kamar sakandare, amma akwai mutanen da aikinsu ke nan su saurare ka in ka zo. Na farko shi ne kodinetan aji, malamin da sashe ya ɗora wa alhakin ajinku. Shi ke sa hannu a fom ɗin rajistar kwas, shi ya san abin da za ka yi in ka samu kari-oba, shi zai gaya maka kada ka ɗauki yunit fiye da ƙarfinka. Yawancinmu sau biyu muke ganinsa a shekara, mu miƙa takarda ya sa hannu mu fita da gudu. Akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai, inda maganar ɗakin kwana da ƙungiyoyi da shirin bautar ƙasa take. Jami'o'i kuma suna da sashen ba da shawara, inda za ka je da matsalar karatu ko damuwa ko ruɗani kan abin da za ka yi bayan ka gama. A 2024 ma hukumar TETFund ta saka cibiyoyin ba da shawara kan sana'a da neman aiki cikin abubuwan da take ba manyan makarantu kuɗi a kansu. Saboda haka duk makarantar da kake, ko Jami'ar Jihar Sakkwato ce, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko BUK, ko ABU, ka tambaya ina ofishin yake, ka je ka ga abin da suke da shi. In ka tarar da abin kirki ka ƙaru, in ba ka tarar ba takalminka kawai ya sha ƙura.

Ni sai a aji uku na fara zama gaban kodinetanmu da niyyar magana, shi ma don kari-oba ta matsa mini. Mutumin nan ya jawo takardata ya duba, ya ce, "Me ya hana ka zuwa tun aji ɗaya?" Na ce kunya. Ya ce, "Kunyar ta biya maka kuɗin makaranta?" Cikin minti ashirin ya tsara mini yadda zan raba kwasa-kwasaina, ya haɗa ni da wani ɗan aji biyar da ke koyar da ƙananan ɗalibai kyauta da yamma. Minti ashirin, jama'a. Abin da na yi shekara biyu ina ɗauke da shi a kai.

Kada kuma ku raina ƙungiyoyin ɗalibai. Ƙungiyar 'yan ƙaramar hukumarku ita ce za ta fara nuna maka inda ake rajista da inda ake samun ɗaki mai sauƙi. MSSN da ƙungiyoyin sashe suna shirya darussan bita kafin jarrabawa. A Ɗanfodiyo akwai ƙungiyoyin 'yan jarida na ɗalibai irin su Pen Press, kuma na ga yaran da ba aikin jarida suka karanta ba amma a nan suka koyi rubutu har ya zame musu abin yi. Sai dai a yi hattara, akwai mai shiga ƙungiya biyar ya zama shugaba a uku, ya gama da suna ba maki. Ɗaya ko biyu sun isa.

Kuɗi. Na san da yawa wannan suke jira. Lokacinmu ba bashin karatu, in kuɗin rajista ya zo sai a sayar da akuya ko buhun dawa, wani lokacin tun kaka ba ta yi ba, a farashin da mai saye ya ga dama. Yanzu akwai NELFUND. An sa hannu a dokarta a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ba ruwa a cikinsa, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, sannan akwai naira 20,000 duk wata na ɗawainiya ga wanda ya nema. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi ko abin da mutum yake samu. Za a nemi lambar JAMB ɗinka da NIN da BVN da lambar ɗalibta. Ra'ayina a kai? Bashi ne, ba rabon gwamnati ba ne, duk mai gaya maka ba za a biya ba ba shi zai biya maka ba. In gidanku za su iya ba tare da an shiga wani hali ba, ba dole. Amma in zaɓin shi ne ka ci bashin ko ka ajiye karatu, ko a sayar da gonar gado, ni dai da a lokacina ne da na cike. Ban da shi akwai hukumar tallafin karatu ta jiha, da ta tarayya, da PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur. Duk suna da lokacin buɗewa da rufewa, kuma ka nema da kanka a shafinsu. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai saka sunanka, ka riƙe kuɗinka.

Tunda na ambaci NIN, bari in ba ku labarin da ya fi ƙona mini rai, wanda ya cinye mini wata bakwai ina zaune a gida bayan na gama.

Mu mutanen karkara muna da al'adar liƙa sunan gari a ƙarshen suna. To ni a takardar sakandare sunana ne da na Baba kawai. Da na je cike JAMB, yaron da ke kafe ɗin ya tambaye ni daga ina, na ce Fakku, sai ya saka Fakku a matsayin sunan mahaifi, ya tura sunan Baba tsakiya. Ni ina tsaye a bayansa, ban karanta ba, na biya na tafi. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa kuma aka tambaye ni ranar haihuwa, na faɗi wadda ta zo bakina, alhali a takardar sakandare wata daban ce malaminmu ya rubuta mana. Mutum ɗaya, suna iri biyu, ranar haihuwa biyu. Shekara da shekaru ba abin da ya faru, sai da aka zo tura sunaye bautar ƙasa. Abokaina suka ɗauki jaka suka tafi sansani, ni ina zirga-zirga tsakanin gida da Sakkwato, yau rantsuwar kotu, gobe sanarwa a jarida, jibi layin gyaran bayanai. Kuɗin motar da na kashe ya isa jarin ƙaramar sana'a. A gari kuwa har an fara raɗa cewa ƙila yaron nan bai gama ba ne, korarsa aka yi. Inna ta daina zuwa wasu gidajen suna saboda tambaya.

Don Allah, ƙanina, ƙanwata, yau ɗin nan ka fito da takardunka ka shimfiɗa su a tabarma: ta haihuwa, ta firamare, WAEC ko NECO, JAMB, NIN, BVN, takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ka duba harafi bayan harafi. Muhammad ne ko Mohammed? Wane suna ne a gaba? Ranar haihuwa ɗaya ce? Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, kuma daga can take ɗauko bayananka, don haka in NIN ɗin da kuskure, kuskuren zai bi ka har jami'a. Sannan ka tabbata ka karɓi gurbinka a CAPS, ka fitar da takardar admishan ta JAMB, ka kuma duba sunanka yana cikin jerin ɗaliban da JAMB ta amince da su, don wanda ba ya ciki ba a tura shi bautar ƙasa. Gyaran da za ka yi a aji ɗaya cikin natsuwa, in ka bar shi sai ƙarshe da kuka za ka yi shi. Wani abu kuma da ya shafi irinmu da muke fara boko a makare: wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ita ma takarda ce mai amfani, ana neman aiki da ita, amma gara ka san lissafinka tun da wuri. Kuma ban ce ka je ka rage shekaru ba, rage-ragen nan shi ke haifar da irin rikicin da na shiga.

To mu dawo kan tambayar Baba, mi za ka zama.

Inda na samo amsarta shi ne shekarar aikin gona. Mu 'yan noma karatunmu shekara biyar ne, aji huɗu kusan gaba ɗayansa a fili ake yin sa. Masu kimiyya da injiniya da makamantansu su kuma suna da SIWES, wanda aka fi sani da IT, yawanci wata shida. Hukumar ITF ce ta ƙirƙiro shi a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai suna fitowa da takarda amma hannunsu bai san aiki ba. Masu karatun koyarwa kuma suna da tasu koyarwar gwaji. Kowa dai da nasa.

Kun san yadda da yawa suke yi da shi, kada mu yaudari juna. A samu wani ofis inda kawu yake, a kai takarda a buga hatimi, a koma gida a kwanta. Sati biyu kafin a dawo a zauna a cike logbuk ɗin wata shida a dare uku, da biro kala biyu don kada a gane. Na san wanda ya yi haka, ya kuma ci A. Bayan shekara biyu ya je intabiyu a wani ɗakin gwaje-gwaje, aka ajiye masa na'urar da ya rubuta a logbuk cewa ya yi wata uku yana aiki da ita, aka ce kunna. Ya tsaya yana neman makunnin.

Ni ma da niyyar lallaɓawa na shiga, don a ganina wa zai koya mini riƙon kalme? Jami'ar tana da gonar bincike a Dabagi da ta fadama a Kwalkwalawa. Aka ba kowa kunyoyinsa, aka ce ka auna, ka rubuta komai: ranar shuka, tazarar rami, nawa ka zuba na taki, nawa ka kashe, nawa ka girba. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. Baba ya fi duk malamanmu sanin ƙasarsa, amma bai taɓa sanin ko gonarsa riba take yi ko faɗuwa ba, don ba a rubutawa. Wani ma'aikacin gonar, ba ma lakcara ba ne, dattijo mai haƙuri, shi ya koya mini gwada ƙarfin iri kafin shuka: ka ƙirga ƙwaya ɗari, ka sa a tsumma mai laima, bayan 'yan kwanaki ka ƙirga nawa suka tsiro. Abu mai sauƙi haka, amma yana iya ceton damina guda. Shi ne kuma ya ce mini, "Yaro, masu digirin noma suna da yawa, masu iya yi wa manomi bayani da harshensa su ne kaɗan. Kai kana da harshen, kada ka yar da shi." Ranar na daina jin kunyar Sakkwatancina.

Ga kuma yajin aiki, wanda ba na fatan ku gani amma ku shirya masa. Mu mun sha biyu manya. Na 2020 ya haɗu da korona ya cinye kusan shekarar, na 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Na farkon a banza na kashe shi, barci da waya da jiran labarin an janye. Na biyun na ce ba za a maimaita ba. Na zauna a shagon wani mai sayar da iri da maganin feshi a Tambuwal, ba albashi, sai abincin rana. Da daddare ina koyon Excel a tsohuwar laftof ɗin wani aboki, har na mayar da littafin bashin shagon cikin kwamfuta. Mai shagon da ya ga cikin minti ɗaya ana gaya masa wa ake bi da nawa, sai ya fara kirana injiniya. Wannan wata takwas ɗin shi ne layin da ya fi kowane nauyi a CV ɗina. Yanzu ma hanyoyin sun ƙaru, akwai shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 don koyar da fasahar zamani, ga darussa kyauta a YouTube. Datar da kake ƙonawa a TikTok ta isa.

Kan CV ɗin, abu biyu kawai. Ka buɗe imel da sunanka na gaskiya, ba "sarkin gayu" ko "gimbiyar mata" ba, kuma ka riƙe lambar sirrinsa da kanka, kada ka bar wa mai kafe. Sannan ka sani duk neman digiri na biyu ko tallafi ko babban aiki za a ce ka kawo malamai biyu ko uku da za su yi maka shaida. Malamin da bai san fuskarka ba me zai rubuta? Ba cewa na yi ka riƙa bin malamai da fadanci ba. Ka zauna gaba, ka yi tambaya, ka yi aikin kundin bincikenka da hannunka, ka gaishe da sufabaizanka ko bayan ka gama.

'Yan'uwana mata, duk abin da na faɗa da ku nake, har ma kun fi mu buƙatarsa, don ku a kan ce muku ai karatun na kafin aure ne. Akwai wadda muka yi aji ɗaya da ita, ta yi aure a aji uku, ta haihu a aji biyar, ta kuma fi ni maki. Abin da ta yi shi ne ta je ta yi magana da kodineta da wuri aka tsara mata, ba ta ɓace an neme ta ba. Bautar ƙasa ma tana ba matar aure damar a mayar da ita jihar da mijinta yake in ta kawo takardun shaida. Kuma in wani ya nemi ya yi amfani da maki ya matsa miki, ko wane ne, kada ki haɗiye. Ki adana saƙonnin, ki gaya wa wata malama da kika yarda da ita ko ofishin harkokin ɗalibai.

Bautar ƙasar kanta ba zan daɗe a kai ba, shiri guda take buƙata. Tun 1973 ake yin ta, sati uku a sansani, sauran a wurin aiki. A cikin sansanin akwai shirin koyon sana'a da ake kira SAED, wanda aka fara a 2012, yawanci lokacinsa ne mutane suke gyangyaɗi a ƙarƙashin rumfa. Alawus yanzu naira 77,000 ne, daga 33,000. In Allah Ya kai ka, ka ɗauka jari ne ake ba ka kashi goma sha biyu, don wata na goma sha uku ba alat.

Yanzu ina aiki da wani kamfanin iri, ina zagaya ƙauyuka ina yi wa manoma bayani, ina kuma riƙe musu lissafin gonakin gwaji. Ba hoton digirina ne ya samo mini shi ba, mai shagon nan na Tambuwal ne ya ba da lambata. Albashin ba wani mai yawa ba ne, kada ku fara turo lambar asusu. Daminar bara na je gida, Baba ya kira ni gefe, don kada abokansa su ji, ya ce, "Malam, wagga wuta-wuta da ta dame mu cikin dawa, mi ag garinta?" Na ce sai mun juya shukar, bana mu sa wake ko gyaɗa a wajen, mu ƙara takin gida, mu kuma riƙa tuge ta kafin ta yi fure ta zubar da iri. Ya yi shiru, ya ce zai gwada a rabin gona, rabin kuma zai yi yadda ya saba, a ga wanda zai ji kunya. Mun ja layi a tsakiya da turaku, ni kuma ina rubutawa.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu zauna kan cike NELFUND daki-daki, da kurakuran da suke sa a ƙi amincewa da mutum. Mai tambaya ya ajiye ta, zan haɗa su in amsa a shirin. Wanda kuma yake da ƙani ko ƙanwa da suka samu gurbi bana, ya tura musu wannan, ya kuma tsaya a kansu sai sun shimfiɗa takardun nan a tabarma. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.